Hatimin da Auta Ya Ƙi Sassaƙawa

Idan ka bi titin da ya ratsa tsakanin gidan waya da kotu, za ka ga wani ɗan shago da aka matse tsakanin mai ɗaukar hoto da mai gyaran tabarau. A ciki akwai teburi ɗaya, kujera ɗaya, bencin baƙi, da wani siririn dattijo wanda kullum kansa a sunkuye yake. Shi ne Mai Hatimi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana sassaƙa hatimin roba da hannu, irin wanda ake dangwalawa a tawada a buga a ƙasan takarda. Duk layin Mai Hatimi suke ce masa. A gidansu kuwa, da furfurarsa da jikokinsa, Auta ne, kuma babu ranar da zai daina zama Auta.

Aikinsa na masu haƙuri ne. Zai yanko roba daidai girman da ake so, ya zana haruffa a juye da fensir mai tsini, ya duba a ɗan madubi ko sun tsaya daidai, sannan ya ɗauki askarsa da ya wasa har ta koma kamar tsinke, ya dinga cire robar da ke kewaye da kowane harafi kaɗan-kaɗan. Idan ya shiga wannan, ko gobara ce ta tashi a gidan waya sai ya ƙarasa harafin da ya fara. Yanzu masu inji sun cika gari, rabin awa sun miƙo maka naka, amma har yau akwai masu cewa in ba na hannunsa ba ne ba sa so.

Sai dai ba kyan aiki kaɗai ya sa aka san shi ba, har da taurin kai. Yana da doka guda: ba ya yi wa mutum hatimi sai ya ga aikin da hatimin zai yi wa shaida. Ka ce kai likita ne, zai ce ina takarda, ina asibitin. Ka ce makaranta ka buɗe, sai ya ja ƙofar shago ya bi ka, ya leƙa ko akwai rufi da allo da yara. An taɓa yin wani babban mutum da ya zo da suna mai layi huɗu, kowane layi ya fi na samansa nauyi. Mai Hatimi ya karanta har ƙasa, ya juya takardar ya duba bayanta, ya ce, “Ranka ya daɗe, na ga ko kai wane ne. To me kake yi?” Mutumin ya fita yana huci, ko takardar bai tsaya ɗauka ba.

Abin dariya, shi kansa ɗan gidan sarauta ne. Ba wata babbar sarauta ba ce, ta unguwa ce da 'yan ƙauyukan da birni ya daɗe da haɗiyewa. Abin da ya rage mata shi ne suna, da babban ɗakin baƙi, da wata kujera mai hannu wadda kakansu ya zauna a kai, ubansu ma ya zauna. Su biyu ne maza a gidan. Yaya ya girme shi da shekara tara, kuma tun yana ƙarami yake tafiya kamar wanda ake kallo. Auta kuwa bai taɓa iya zaman ɗakin baƙin nan ba, doguwar gaisuwa hamma take sa shi. Yana da shekara sha tara ya tattara 'yan kayansa ya koma wajen wani tsohon mai hatimi koyon sana'a. Gida aka ɗauki abin da zafi. Ɗan gidan da ake cire takalmi kafin a shiga, shi ne a bakin titi yana yankan roba! Yaya ne ya ɗora wa kansa fushin, ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwar ƙanensa.

Rasuwar uban ce ta sake haɗa su. Da sarauta ta dawo hannun Yaya, sai ya aiko a sassaƙa masa hatimin sarautar a shagon Auta. Kowa ya gane sulhu yake nema. Auta ya karanta takardar, ya ce wa ɗan aiken, “Koma ka tambayo shi, a wajen aiki me za a rubuta?” A nan kam, gaskiya, Auta bai kyauta ba. Yaya ya haɗiye, ya kai aikin wani wuri, bai sake tayar da maganar ba har shekara talatin da wani abu.

Amma jini ba ya jin magana. Duk Asabar da hantsi sai ka ga Yaya ya sauko daga mota, ya tattare riga, ya zauna a bencin nan da bai kai rabinsa ba, a kawo shayi, a buɗe musu. Musun kuma guda ɗaya ne, ba ya tsufa.

“Auta, gari ba ya tsayuwa sai da wanda ake jin kunyarsa.”

“Gari yana tsayuwa ne da wanda ke buɗe shago ƙarfe bakwai, ya auna daidai, ya kai 'ya'yansa makaranta. Wa ya jawo muku famfo a unguwa? Mai sarauta?”

“To wa ya hana su fasa kan juna a layin famfon?”

“Yaya, kujera aka bar maka. Ni kuwa abin da nake da shi, yatsun nan ne suka nemo.”

“Yatsun nan a gidan wa suka koyi kada su yi ƙarya?”

Sai mai gyaran tabarau ya leƙo ya ce yau kunnen doki aka yi, a bari sai wani sati. Yaya ya tashi yana cewa ba zai ƙara zuwa ba. Asabar ta zagayo, ga shi nan.

Wata Asabar bai zo ba. Da sassafe ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, aka kwashe shi zuwa asibiti. Ya rayu, ya dawo gida bayan wata guda, amma hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace, magana sai a hankali. Auta ya yi jinya iyakar ƙarfinsa, ya kai abinci, ya taya juya shi a gado, ya yanke masa farce. Abin da bai yi ba shi ne shiga ɗakin baƙi bayan Yaya ya koma kan kujerarsa. Yakan gaishe shi a cikin gida ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Ana nan sai ga babbar 'yar Yaya a shago, wadda ake kira Nas saboda aikin jinya take yi. Ta zauna a bencin ubanta, ta ajiye jaka a cinya.

“Baba Ƙarami, takardun mutane sun taru.”

Ta yi masa bayani. Mutanen unguwa wajen Yaya suke zuwa neman takardar shaida, cewa wane haifaffen nan ne, wance matar marigayi wane ce, wannan yaron maraya ne. Ofisoshi ba sa karɓa da hatimin sarauta kawai, sai da sa hannunsa. Yanzu ga hannun babu. An ce ya dangwala yatsa, ya ce shi da ake kawo wa yara su kwaikwayi rubutunsa, ko a mafarki. Da likita ya ba da takarda, ofisoshin sun yarda a yi masa hatimi mai ɗauke da sa hannun nasa.

“To ki je wajen masu inji mana. Kafin ki sha ruwa sun gama.”

“Na faɗa masa. Ya ce wanda ya buga ɗaya da inji zai iya buga goma ya raba. Ya ce mutum ɗaya ne a garin nan da zai iya ba amanar sa hannunsa.”

Auta ya ci gaba da wasa askar da ba ta buƙatar wasawa. “Shi ya aiko ki?”

“Kai ma ka san ba zai aiko ba.”

Ya ce zai yi tunani. Zuciyarsa ta yi nauyi, don yana son yayansa, wannan ba abin musu ba ne. Amma shekara arba'in yana korar masu manyan sunaye, yana cewa sarauta ba aiki ba ce. In ya yi wannan hatimin, ya sa hannunsa ke nan a kan abin da ya ƙaryata duk rayuwarsa. In ya ƙi, ya bar Yaya a kujera kamar hoto, mutane na shiga suna fita hannu biyu babu komai.

Matarsa, Malama, wadda ta koyar da 'yan firamare har ta yi ritaya, ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta bar shi ya gama zuba mata hujjojinsa tana tsintar shinkafa, sannan ta ce, “Malam, kai da kake rufe shago ka bi baƙo har bayan gari don ka ga aikinsa, ka taɓa zama ka ga abin da yayanka yake yi daga safe zuwa azahar?”

Bai taɓa ba.

Ranar Litinin ya rataya kwaɗo a shago, ya shiga ɗakin baƙi ta babbar ƙofa, ya samu lungu kusa da taga ya zauna. Yaya ya dube shi ta gefen ido, ya gyara hannun rigar da yake ɓoye mataccen hannun a ciki, bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba.

Ranar farko Auta ya samu abin da yake so. Wasu mutum biyar suka zo tun takwas, suka yi gaisuwa mai hawa uku, suka yabi lafiyar Yallaɓai, suka yabi kakansa da ba su taɓa gani ba, suka shanye shayi, suka tafi da ragowar burodi a aljihu. Ya koma gida yana murmushi ya ce wa Malama ya gani da idonsa, zaman banza ne da riga mai kyau. Ta ce ai ko a makaranta ranar farko shara ake yi, ya koma gobe.

Ranar Talata wani kafinta da maƙwabcinsa mai kantin magani suka shigo, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, a kan kwatar da ke tsakanin gidajensu. Mai magani har ya ɗauko takardar kai ƙara. Auta ya san su duka, shi ya yi musu hatimi, irin mutanensa ne masu buɗe shago ƙarfe bakwai. Ga su nan sun cika ɗaki da ihu kamar ba su taɓa shiga aji ba. Yaya ya bar su suka gaji. Sannan da bakin nan nasa mai nauyi ya ce wa kafinta, “Kwatar nan ubanka da uban wannan suka haƙa ta rana ɗaya, da shebur ɗaya, don na biyun ya karye. Ina tsaye.” Ya juya ga mai magani. “Ranar da aka haife ka, a amalanken gidansu aka kai mahaifiyarka asibiti.” Ya ɗan huta. “Ku je ku yashe ta tare. In kun gama, wanda yake son kotu ya zo in raka shi.” Suka fita kai a ƙasa, mai magani yana ninke takardarsa yana turawa a aljihu.

Ba a jima ba wani mai ƙamshin turare ya shigo, ya durƙusa har ƙasa, yana neman a shaida wani ɗan abokinsa a matsayin ɗan unguwa. Ya ce ba sai an wahala ba, in hannu ya samu sauƙi a sa kawai.

“Ban san shi ba,” in ji Yaya. “Kawo shi in gan shi. In ga gidan da yake kwana, in ji wa ya san ubansa.”

“Yallaɓai, ai maganata ta isa.”

“Ta ishe ka. Ni sunana ne zai hau takardar.”

Auta ya ji kamar an zare masa benci. Kalmomin nan nasa ne, ya faɗe su ya fi sau ɗari a shago. Nas, da ta shigo da maganin rana, ta ga fuskarsa, ta sunkuyo ta raɗa masa, “Ku biyun nan kai ɗaya aka raba muku.”

Ranar Laraba wata mai wanki da guga ta zo da 'yarta. Yarinyar ta samu gurbi a kwalejin horar da malamai, amma a gida aka haife ta, ba ta da takardar haihuwa, kuma in ba a kai shaidar mai unguwa ba kafin ƙarshen mako mai zuwa, gurbin ya tafi. Zuwansu na uku ke nan. Takardar a rubuce take, da hatimin sarauta a kai, wajen sa hannu kawai ya rage fari fat. Yaya ya san yarinyar, ya ma faɗi ranar da aka haife ta da ruwan da aka yi a ranar. Ya ce a miƙo biro. Ya kama da hagu, ya ɗora, ya ja. Abin da ya fito kamar tafiyar kiyashi ne, biron kuma ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Yaya ya ce, “Ku dawo.” Ya juya fuskarsa ga bango. Daga lungun taga Auta yana ganin abin da sauran ba sa gani, hawaye ne ke bin gefen bakin da ya karkace. Tausayi ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Da aka watse, Yaya ya share fuska da hannun riga ya ce, “Ka ga aikin?”

“Na gani.”

“Ya cika dokar taka?”

“Rabinsa surutu ne, Yaya.”

“Naka ma rabinsa jiran ciniki ne.”

Iyakar abin da suka ce ke nan. Yaya bai roƙa ba, Auta bai yi alkawari ba. A bakin ƙofa dai ya ce wa Nas ta kawo masa duk takardar da ke da sa hannun ubanta.

Ta kawo jaka guda. Ya baje su a teburi ya bi ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, ransa bai so abin da ya gani ba. Na 'yan shekarun nan duk da rawa a ciki, ashe hannun ya daɗe yana ba da sanarwa ba wanda ya lura. Na da kuwa kwafi ne, sun dusashe, aska ba za ta samu abin bi ba. Aikin yana buƙatar na asali, na tawada, daga hannu mai ƙarfi.

Auta yana da guda ɗaya. A aljihun teburi na ƙasa, ƙarƙashin fallayen roba, akwai wani gwangwani, a cikinsa wasiƙar da Yaya ya aiko masa a watansa na farko a wajen koyon sana'a. Ko Malama ba ta san da ita ba. Layi huɗu ce. Ta ce ya zubar da mutuncin gida, kuma daga ranar kada ya ƙara faɗa wa kowa ɗan gidan wa yake. A ƙasa ga sa hannun, cikakke, an danne shi har ya kusa fasa takarda. Auta ya ninke saman don kada ya gani, duk da ba abin da ninkin zai hana, ya haddace ta tun yana saurayi.

Sa hannu ya fi haruffa wuya. Harafi yana da ƙa'ida, sa hannu kuwa sai ka bi mutum duk inda hannunsa ya je, inda ya yi sauri, inda ya danne, inda ya ɗaga. Auta ya kwafe shi, ya juya shi a kan roba, ya sa gilashi ya fara bi. A nan ne ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekara arba'in da ɗaya. A daidai inda sa hannun ya fara akwai ɗigo mai kauri, inda tawada ta taru ta jiƙa takarda. Duk mai sana'ar nan ya san abin da ke kawo haka. Alƙalami ne ya sauka ya tsaya, ya daɗe a tsaye, kafin mai shi ya iya ja. Shi da ya ɗauka a fusace aka rubuta aka wurgo masa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya zauna haka nan har mai hoto ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ya ce ƙurar roba ce ta shiga masa ido.

Kwana uku ya yi a kai. Ya yi tunanin cire ɗigon, ya ga ba aikinsa ba ne gyara abin da hannu ya yi, sai ya sassaƙa shi yadda yake. Ya manna robar a mariƙin katako mai kauri, ya goge shi sumul, ya ɗan fafe gefe ɗaya yadda babban yatsan hagu zai zauna.

Ya isa gidan Yaya da hantsi. Mai wanki da 'yarta suna zaune a waje a kan dakali, takarda a cikin leda. Ya ce su ɗan jira, ya shiga ya tura ƙofa. Ya ajiye hatimin da akwatin tawada a kan ɗan teburin da ke gaban Yaya, ya shimfiɗa farar takarda.

“Gwada mu gani.”

Yaya ya ɗauka, ya juya shi, yatsansa ya faɗa gurbin da aka fafe. Ya dangwala, ya buga. Sa hannun ya fito tsaf, miƙaƙƙe, na ɗan shekara ashirin da takwas. Ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da ido.

“Wannan ɗigon fa?”

“A wajen na same shi.”

Yaya ya daɗe yana kallo. “Ka ajiye wasiƙar.”

“Takarda ce mai kyau, ba ta cin tawada.”

“A nan na tsaya,” in ji Yaya a hankali, yana taɓa ɗigon. “Na ce in yaga ta. Ban yaga ba.”

“Na gani, Yaya.”

Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da wasiƙar a ninke. Ya ce ƙa'idar aiki ce, in an gama ana mayar wa mai abu da samfurinsa. Yaya ya karɓa da hagu. Bai buɗe ba. Ya riƙe ta, ya yi ƙoƙarin yaga ta, ta lanƙwashe kawai. Ya danne ta da gwiwa ya ja, ta zame. Takarda ba ta yaguwa da hannu ɗaya. Ya ɗago ya dubi ƙanensa.

Auta ya durƙusa a gaban kujerar, abin da bai taɓa yi ba tun da Yaya ya hau ta, ya kama ɗaya gefen takardar.

“Ja,” ya ce.

Suka ja, ta rabe biyu. Suka haɗa, suka sake ja. Auta ya tattara gutsattsarin ya zuba a aljihunsa, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya buɗe ƙofa ya ce wa yarinyar ta shigo da takardarta.